Alli a Kan Fedar Hagu

A makarantar koyon tuƙin jirgin soja, awa goma sha biyar ake ba kowane ɗalibi. In ya cinye su malaminsa bai yarda ya sake shi ya tashi shi kaɗai ba, sai ya mayar da hularsa da abin kunnensa sito, a tura shi wani ofis inda zai riƙa jin ƙarar jirage ta taga. Ƙamus ta ci awa goma sha biyu, saura mata uku.

'Yan ajinsu ne suka raɗa mata sunan, don ba a ganinta ba littafi, ko a layin abinci ne. In malami ya jefo tambaya kan man inji ko nauyin iska, sai kowa ya juyo yana kallonta, wani ya ce a buɗe Ƙamus a duba. A aji ba mai kamo ta. A sama ma ba laifi, tana juyi mai tsabta, tana riƙe tsayin da aka ce ta riƙe. Sauka ce ta gagare ta. Duk sanda tayoyi suka taɓa titi, sai hancin jirgin ya karkata hagu ya bar farin layin tsakiya, kamar an kira shi daga ciyawa.

Jirgin da suke koyo da shi ƙarami ne, rawaya, da farfela ɗaya a hanci, ɗalibai suna kiransa Jaki saboda kowa a bayansa yake farawa kuma ba ya ƙorafi. Kujeru biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ɗalibi a hagu, malami a dama. Kowa da sandarsa a tsakanin gwiwoyi da feda biyu a ƙarƙashin ƙafa, kuma a haɗe suke ta ƙasa, in ɗaya ya taka, ta ɗayan ma sai ta motsa. Da fedar ake miƙe hancin jirgi a kan titi. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa kowa ita ce ba mai taɓa sanda ko feda a ɓoye. Malamin da zai sa hannu dole ya faɗa da baki, ya ce ya karɓa, ɗalibi ya amsa ya ce ya saki. In zai mayar kuma ya ce naka ne, ɗalibi ya ce nawa ne.

Malamin Ƙamus shi ya rubuta wannan doka a allo ranar farko, har ya ja mata layi biyu. Ɗalibai suna kiransa Naɗe-Hannu, don da zarar ɗalibi ya wuce awa shida, sai ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya janye ƙafafunsa daga feda ya ajiye a ƙasa, ya ce ga hannu ga ƙafa, shi fasinja ne. Ita kuwa a gida Baffa take ce masa. Ba jini ne ya haɗa su ba. Babanta ya yi shekara talatin yana gyaran jirage a wannan makarantar kafin ya yi ritaya, shi ya riƙa duba wa Baffa jirgi tun Baffa yana ɗalibi, abota ta ƙullu har ta shiga gida. A wuyan Baffa ta fara kallon jirgi yana tashi, tana da shekara huɗu. Ranar da aka liƙa takardar rabon malamai ta ga sunanta a ƙarƙashin nasa, sai da ta shiga banɗaki ta yi murnarta ita kaɗai, kada a ce an yi mata alfarma.

Bai taɓa yi mata tsawa ba. In jirgin ya karkata, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce ya karɓa, ya miƙe shi, ya ce farfela ce take jan su hagu, ƙafarta ta dama ba ta da nauyin da za ta danne. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce a littafi an rubuta farfela tana jan jirgi ne in inji yana kan ƙarfinsa, wajen tashi, ba wajen sauka ba da aka rage masa wuta. Baffa ya yi dariya, ya ce wanda ya rubuta littafin yana zaune ne a tebur. Ita ma ta yi dariya, kunya ta rufe ta.

Daga nan ta tsani ƙafarta. A ɗaki takan jingina littattafai biyu masu kauri a jikin bango ta zauna a bakin gado tana taka su, dama, hagu, dama, har ƙwaurinta ya ɗaure. Ta je wurin likitan makaranta ta roƙe shi ya auna mata ƙafafu, ko ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Likita ya auna, ya ce daidai suke, ta rage tunani ta ƙara barci.

Ranar awa ta goma sha uku Baffa ya tashi da mura, kuma mai mura ba ya hawa sama, kunne ne yake toshewa. Aka haɗa ta da wata malama gajeriya da ake kira Barkono, wadda ta taɓa sa wani ƙaton ɗalibi kuka a gaban hasumiyar da ake ba jirage umarni daga cikinta. 'Yan aji suka yi wa Ƙamus ta'aziyya tun kafin ta tafi, wani ya ce ta bar masa littattafanta gado.

Sau huɗu ta sauka a ranar, sau huɗu Jaki ya miƙe a kan farin layi kamar an ɗora shi a kan igiya. Feda ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafarta. Wannan nauyin da take ji yana turo fedar hagu gaba a daidai lokacin da tayoyi suke taɓa ƙasa, wanda ta ɗauka halin Jaki ne, babu shi sam. Da suka kashe inji, Barkono ta buɗe fayil ɗinta tana karanta abin da aka rubuta a awannin baya, tana ɗaga gira. Ta ce ita dai ba ta ga ƙafa mai ciwo ba. Ta ce wasu ɗalibai tsoron malaminsu ne yake ɗaure su, amma dokar makaranta malamin ɗalibi ne kaɗai yake sakinsa, don haka ta je ta nuna masa abin da ta nuna mata.

Ƙamus ba ta taɓa jin tsoron Baffa ba, wannan ne ya tsaya mata a rai. Ta koma aji ta zauna ita kaɗai bayan an tashi, ta buɗe shafin farfela ta sake karantawa, bai canza ba. Jirgi ɗaya ne, titi ɗaya, iskar ma kusan ɗaya. Abu ɗaya ne ya bambanta, mutumin da ke kujerar dama, kuma duk sanda tunaninta ya doshi wajen sai ta yi istigfari. Wajen sauka idonta yana kan titi, ba halin kallon ƙasa. Hannuwan Baffa kuwa kullum tana ganinsu ta gefen ido, a naɗe. Da za ta fita ta tsaya a gaban allo, ta ɗauki guntun alli ta sa a aljihun hannun rigarta, inda ake sa biro.

Ka'ida ce ɗalibi ya riga malami zuwa wurin jirgi ya zagaya shi, ya duba mai, ya taɓa tayoyi, ya shafa bakin farfela ko akwai tsaga. Ranar awa ta goma sha huɗu ta yi duk wannan, sannan ta sunkuya a gefen dama kamar mai duba bel ɗin ɗaure jiki, ta goga alli a kan fedar malami, hagu da dama, har suka yi fari. Tana fatan ta ji kunyar kanta bayan awa ɗaya, ta ma shirya yadda za ta roƙi Allah gafarar zargin da ta yi.

Baffa ya iso yana share hanci, ya tambaye ta ya gida, ya ce ya ji ta burge Barkono, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Ya zauna, ya ajiye ƙafafunsa a ƙasa, ya naɗe hannu, ya ce nata ne. Ta ce nata ne. Suka tashi, suka zagayo. Ta daidaita hanci da layi, ta rage wuta, ta ja sanda a hankali. Tayoyi suka taɓa, nauyin nan ya dawo, Jaki ya nufi ciyawa. Baffa ya yi ajiyar zuciya ya ce ya karɓa. Sau uku haka.

Da suka tsaya ya riga ta fita. Ya taka baƙar shimfiɗar da ke kan fiffike, inda ake sa ƙafa, ya dira. A kan baƙin ya bar sawun takalmi, fari, na ƙafar hagu, har ana ganin zanen ƙasan takalmin. Ta leƙa ƙarƙashin kujerarsa. In da miƙe jirgin kawai ya yi, fedar dama ce za ta fi gogewa. Ta dama an ɗan taɓa ta a gefe. Ta hagu kuwa an murje ta tas, allin ya kwanta a ƙasa kamar gari.

Ta same shi a ƙarƙashin fiffike yana cike fayil. Ta ƙame kamar yadda ake yi wa babba, ta ce, "Yallaɓai, ka duba ƙasan takalminka."

Ya ɗaga ƙafar ya duba. Ya daɗe yana kallo. Bai tambayi menene ba, kuma wannan ya fi komai yi mata zafi, don ta so ya yi musu ko da sau ɗaya.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun awa ta bakwai."

"Ba ka ce ka karɓa ba, Baffa. Kai ka ja wa dokar layi biyu."

Ya rufe fayil ɗin. Ya ce bai taɓa barin jirgin ya kai inda ba zai iya dawo da shi ba, kamar wannan ne abin da take tambaya. Ya ce tana da hannu, ta fi rabin ajin hannu, ya sani tun awa ta uku. Ta ce to Umma ce ta roƙe shi ko, don Umma ce ba ta son maganar jirgi tun farko, har ranar da za ta taho ba ta fito rakiya ba. Baffa ya kalli hanga, rumfar gyaran jirage, inda makanikai suke tura wani jirgin ciki.

"Ummanki ba ta san komai ba," ya ce. "Ki je ki gaida babanki."

Ranar Asabar da rana ta isa gida. Umma tana shanya a tsakar gida, ta ce wa ya hana ta abinci a can, ta koma kamar sandar tuta. Baba yana zaune a kan benci da fankar maƙwabta a wargaje a gabansa, ya jera sukurori a kan tsumma bisa girmansu, yadda ya saba tun yana aiki. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, ya ce ga matuƙiyarsa, ga Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shi ne ya zauna da ita wata uku suna bitar jarrabawar shiga. Shi ne ya kai ta ƙofar makaranta da akwati a kansa, yana gaya wa sojojin ƙofa 'yarsa ce. Agogon da ke hannunta ma nasa ne.

Ta jira Umma ta shiga ɗaki, sannan ta ciro allin ta ajiye a kan tsumma, a ƙarshen layin sukurori. Ta gaya masa inda ta shafa shi da inda ta same shi.

Baba ya ci gaba da goge wani ƙarfe da ya riga ya yi tsabta. Can ya fara magana yana kallon ƙarfen. Ya ce a shekara talatin sau uku aka tura shi da mota ya kwaso abin da ya rage na jirgin da ya faɗi. Na ƙarshe ɗalibi ne a ranar tashinsa na farko shi kaɗai, shi da hannunsa ya ɗaure masa bel, har yaron ya ce masa ya matse shi da yawa. Ya ce bai ɗauka za ta ci jarrabawar ba, ɗaruruwa ne suke nema. Da ta ci, bai iya buɗe baki ya hana ta ba, ga unguwa duk ta ji, ga ita tana tsalle. Sai ya je gidan abokinsa Baffa a makon da ya kai ta, ya roƙe shi kada ya bari ta wuce. Ya ce ofis ma aikin soja ne, da kaki da komai.

"Na so ki fito da mutuncinki, Uwata. A ce an gwada bai yiwu ba. Kada ki tashi kina cewa ubanki ne ya tare miki hanya."

"Da ka hana ni a nan gidan, Baba, kuka zan yi kwana biyu in haƙura," ta ce. "Sai da na je likita ya auna min ƙafa."

Ya ɗago ya kalle ta, bai san wannan ba. Ta ɗauki allinta ta mayar aljihu. Da Umma ta fito ta ce ta zauna ta ci abinci, ta ce an ba ta awa biyu ne kawai. Ƙarya ce, ta farko da ta yi wa Umma tun tana yarinya, kuma ta ji haushin har wannan sun jawo mata.

Ranar Lahadi ta rubuta takardar ƙara zuwa ga shugaban makaranta, shafi ɗaya da rabi, ta sake kwafe ta sau biyu don rubutun ya yi kyau. Ta san abin da takardar za ta yi. Za a canza mata malami, a cire Baffa daga koyarwa, a kira sunan babanta a hangar da har yanzu yaransa suke aiki. Ta ninke ta ta sa a aljihun ƙirji. Ba ta yanke komai ba, ta dai ji tana son ta ji ta a jikinta.

Safiyar Litinin iska ta kwanta. Ta zagaya Jaki, ta duba mai, ta shafa farfela, ta tsaya tana jira. Sai da Baffa ya iso har ya ɗora ƙafa a fiffike, sannan ta ce ya dakata. A gabansa ta sunkuya ta goga alli a feda biyun, a hankali, ba ta bar ko kusurwa ba. Wani makanike da ke riƙe da abin kashe gobara ya juya kai kamar bai gani ba. Baffa ya ga bakin takardar da ya leƙo daga aljihunta. Ya shiga ya zauna, ya tura ƙafafunsa can ƙarƙashin kujera.

Sauka ta farko ta ɗan yi ƙarfi, jirgin ya yi tsalle kaɗan, amma hanci bai bar layi ba. Ta biyu ta fi. Ta uku tayoyin suka taɓa da ɗan ƙara kamar an ja kujera. Ba wanda ya yi magana banda hasumiya. Baffa ya ce ta fita daga titi ta tsaya a gefe.

Ya kwance bel ɗinsa, ya fita kan fiffike, ya juyo ya ɗaure bel ɗin a kan kujerar da babu kowa, kamar yadda ake yi don kada ya sarƙe sanda. Ya daɗe yana jan maɗaurin. Ta ga idonsa ya yi ja, ko mura ce ko wani abu, ba ta tambaya ba. Ta leƙa ƙasa, allin yana nan fari, ba a taɓa ba.

"Zagaye ɗaya, ki sauka," ya ce da ƙarfi saboda ƙarar inji. "Naki ne."

"Nawa ne, Yallaɓai."

Ba shi a ciki, Jaki ya yi sauƙi, ya bar ƙasa tun kafin inda ya saba. Ta taɓa jin ɗalibai suna cewa a nan mutum yake waƙa ko ihu. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ga rufin hanga, ta ga titin da ya bi ta unguwarsu, ta juya, ta juya, ta daidaita. Da ƙasa ta matso sai ta ji duk hankalinta ya koma tafin ƙafarta, tana sauraron ko wata ƙafa za ta turo, alhali ta san ita kaɗai ce. Ba abin da ya turo. Jaki ya bi farin layi har ƙarshe.

'Yan aji suna jiranta da bokitai, don haka ake yi wa duk wanda ya tashi shi kaɗai. Suka juye mata ruwa tun daga ka, wani yana cewa a yi hankali kada shafukan Ƙamus su manne. Barkono ta wuce ta bugi kafaɗarta ba ta tsaya ba. Takardar da ke aljihunta ta jiƙe, tawada ta fito ta yi shuɗi a ƙirjin rigar.

A bakin hanga ta hango Baba. Yaransa na da ne suka shigo da shi. Yana tsaye da tawul a hannu, ya sa rigarsa ta fita. Ta je ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi Umma, ta tambayi gida. Ya miƙo tawul ɗin ya ce Uwata. Ta ce ba komai, rana za ta busar da ita, kuma ana jiranta ta sa hannu a littafi.

Da ta kai ƙofar ofis ta waiwaya. Baba ya ƙarasa wurin Jaki, ya dafa murfin inji yana jin zafinsa, ya duba tayoyi. Sannan ya hau fiffike da ƙyar, ya sunkuya a gefen dama, yana goge feda da tawul ɗin, don shi bai taɓa barin ƙura a cikin jirgi ba. Ta taɓa aljihun hannunta. Allin ya jiƙe ya yi laushi. Ta shiga aji ta ɗauki wani busasshe, sannan ta wuce ta sa hannu.